Kalmomin Gaskatawa da Rashin Gaskatawa a Ingilishi da Takwarorinsu a Hausa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin matsalolin da malamin Hausa ke cin karo da su a darasin fassara, akwai wasu kalmomin Ingilishi guda huɗu da suka fito daga tsatso ɗaya, suka kuma yi kama da juna a ido da kunne, amma kowace da inda ta dosa. Kalmomin su ne credible da incredible da credulous da incredulous. Suna da 'yan rakiya, wato believable da unbelievable da kuma creditable. Wannan babi zai duba ma'anar waɗannan kalmomi da yadda masu harshen ke amfani da su, sannan ya nuna cewa Hausa ba ta ware wa kowace kalma ɗaya tilo da za ta zauna a gurbinta ba. Abin da Ingilishi ya ɗora wa sifa guda, Hausa ta rarraba shi tsakanin aikatau da salon magana da wasu ƙananan kalmomi irin su “wai” da “anya” da “ashe”.

A ɗauka an tura ɗalibi gwajin koyarwa wata ƙaramar sakandare a Panisau ko Rangaza, cikin ƙaramar hukumar Ungogo, inda da yawa daga yaran ajin 'ya'yan manoma ne. Ya rubuta wannan jimla a allo: The old farmer's harvest was incredible. Ya tuna an koya masa cewa ɗafa-goshin in- korewa yake yi, sai ya fassara ta da cewa, “Girbin tsohon manomin ba abin yarda ba ne.” Yaron da ya ji haka zai fahimci ɗayan biyu: ko dai tsohon ya shara ƙarya game da yawan damin da ya ɗaure, ko kuwa akwai lauje cikin naɗi game da yadda ya same shi. Alhali mai jimlar yabo yake yi. Manufarsa ita ce tsohon ya samu amfanin gona na ban mamaki, irin wanda ake cewa sai wanda ya gani. Kuskuren ya mai da yabo zargi, kuma jifan dattijo da ƙarya ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar Hausa.

2.0 Asalin Kalmomin da Ƙirarsu

Ingilishi ya aro waɗannan kalmomi ne daga harshen Latin. Saiwarsu ita ce cred-, daga aikatau credere, wanda ke nufin yarda da mutum ko ba shi amana. Credible da incredible sun shiga Ingilishi tsakanin ƙarshen ƙarni na 14 da farkon na 15, credulous da incredulous kuwa sai a ƙarni na 16. Daga wannan saiwa aka samu credit, wadda ɗalibai suka sani da “kiredit” a sakamakon jarrabawar WAEC, 'yan kasuwa kuma suka san ta da ma'anar bashi. Dangantakar ba ta da nisa, domin ɗan kasuwa a Dawanau ba zai saki buhunan hatsi bashi ba sai ga wanda ya yarda zai biya. Believe ce 'yar gida, don daga tsohon Ingilishi ta taso, kuma believable da unbelievable sun fi takwarorinsu na Latin sauƙi a bakin mai magana.

Abin lura a nan shi ne ɗafa-ƙeya. Ɗafa-ƙeyar -ible ko -able tana nuni ga abin da aka faɗa ko wanda ya faɗe shi, wato ko ya cancanci a yarda da shi. Ɗafa-ƙeyar -ulous kuwa tana nuni ga mai sauraro da halinsa wajen karɓar magana. Ke nan labari ne kan zama credible, mai jin labarin kuma shi ne kan zama credulous. Creditable ta rabu da sauran tun da daɗewa. Ma'anarta ita ce abin yabawa, kamar ɗalibin da bai zo na ɗaya ba amma ya taka rawar gani.

Hausa ma tana da irin wannan dangi na kalmomi, sai dai ta hanyar Larabci ta same shi. Amana da imani da aminci da amincewa da amintacce da mumini, har da sunayen Aminu da Amina, duk saiwarsu ɗaya a Larabci. Haka kuma Hausa ta ƙera aikatau daga sunaye ta hanyar ɗafa-ƙeyar -ta: gaskiya ta haifi gaskata, ƙarya ta haifi ƙaryata, kamar yadda tsoro ya haifi tsorata.

Akwai wata ƙira a Hausa da ke yin aikin -able. A tsarin azuzuwan aikatau da F. W. Parsons ya fitar a 1960, aikatau na aji na bakwai, wato masu ƙarewa da -u, kan ɗauki ma'anar yiwuwa idan suka zo a lokaci mai ci. Akan ce hanyar ba ta biyuwa, rigar ba ta ɗinkuwa, daɗin ba ya misaltuwa. Bisa ƙiyasi da sai a ce labarin ba ya gaskatuwa. Nahawu bai hana ba, kuma za a gane, amma ba haka aka saba faɗa a zaure ko a kasuwa ba. Abin da Bahaushe ke cewa shi ne hankali ba zai ɗauka ba.

3.0 Credible

Kuskure na farko shi ne ɗaukar credible a matsayin “gaskiya”. Kalmar ba ta yanke hukuncin cewa abu ya faru ba, abin da ta ce kawai shi ne mai hankali zai iya yarda da shi. Gwanin maƙaryaci kan tsara zance mai kama hankali, mai gaskiya kuma kan zo da labarin da kowa zai yi masa dariya. Hausa tana da salon da ya kama wannan ma'ana daidai, wato a ce magana tana da ƙamshin gaskiya. Mai jin ƙamshi bai riga ya ɗanɗana ba. Kishiyar wannan ita ce maganar da ba ta da tushe balle makama.

Fassarar kalmar kan sauya gwargwadon sunan da ta siffanta:

1. a credible source: majiya mai tushe
2. a credible witness: shaida adali, ko shaidar da aka amince da shi
3. a credible election: sahihin zaɓe
4. a credible explanation: bayani mai kama hankali
5. a credible threat: barazanar da ba ta wasa ba ce

Kalmar “sahihi” tana buƙatar a tsaya a kanta. Ta shigo Hausa ne ta hanyar ilimin hadisi, inda malamai irin su Imamu Buhari, wanda ya rasu a shekara ta 870, da Imamu Muslim, wanda ya rasu a 875, suka tace ruwayoyi ta hanyar bin isnadi, wato jerin waɗanda suka karɓo magana daga juna. Sukan duba adalcin kowane mai ruwaya da ƙarfin kiyayewarsa, kuma a wannan fanni ne aka bambance sahihin hadisi da mai rauni da ƙagagge. Ɗalibin da ya yi karatun zaure ko Islamiyya ya riga ya san wannan ma'auni, kuma malami zai iya hawa kansa ya bayyana credible cikin sauƙi. Sai dai “sahihi” ta fi credible nauyi, domin tana nufin an bincika an tabbatar. Mai fassara labarai da ya mai da credible reports “sahihan rahotanni” ya ba rahotannin shaidar da marubucin Ingilishi bai ba su ba. “Rahotanni masu tushe” ko “masu ƙamshin gaskiya” ya fi kusa.

3.1 Misali Daga Tarihin Kano

Bambancin credible da gaskiya ba zancen aji ba ne kawai. A shekarar 2003 jita-jita ta bazu a Arewacin Nijeriya cewa an gurɓata maganin rigakafin shan-inna da sinadarin hana haihuwa. Gwamnatin Jihar Kano, ƙarƙashin Malam Ibrahim Shekarau, ta dakatar da aikin rigakafin, ba a ci gaba ba sai a ƙarshen Yulin 2004, bayan an samo maganin daga ƙasar Indunusiya. A tsakanin wannan lokaci cutar ta ƙaru, ta kuma tsallaka ƙasashe da dama waɗanda a da suka rabu da ita.

Zargin ba gaskiya ba ne, amma a kunnen iyaye da yawa yana da ƙamshin gaskiya, kuma akwai dalili. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara kimanin 200, inda 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye da gwamnati suka kai ƙara, kuma sai a 2009 aka sasanta da Jihar Kano a wajen kotu. Uban da ke da wannan labari a ransa, ya kuma ga ana bin gida-gida da magani kyauta alhali idan ɗansa ya kamu da zazzaɓi sai ya biya, bai buƙaci doguwar hujja ba kafin ya yi shakka.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne mutanen da suka tsaya wa maganin. A watan Oktoban 2004 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ɗiga wa 'yar gwamnan Kano maganin a bainar jama'a, kuma a shekarun da suka biyo baya sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwanni da malamai suka shiga aikin. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Darasin da mai fassara zai ɗauka a nan shi ne, sunan credibility yana da fuska biyu a Hausa. Idan ana zancen magana ne, inganci ake nufi. Idan ana zancen mutum ne, amana da mutunci ake nufi, kuma wanda aka ce he lost his credibility, Bahaushe zai ce mutuncinsa ya zube, ko an daina ɗaukar maganarsa.

4.0 Incredible da Unbelievable

Bisa ƙira, incredible kishiyar credible ce, kuma har yanzu tana da wannan ma'ana a bakin alƙali ko lauya. Idan alƙali ya ce bayanin mai shaida incredible ne, yana nufin hankali ba zai ɗauka ba, don haka ya yi watsi da shi. Amma a maganar yau da kullum wannan ma'ana ta ja baya, ma'anar mamaki da yabo ta mamaye. A shekarar 2002 gwamnatin Indiya ta fara tallata ƙasarta ga masu yawon buɗe ido da taken Incredible India. Babu ƙasar da za ta kashe kuɗi tana shelar cewa kada a yarda da ita. Manufar ita ce Indiya ƙasa ce mai abubuwan al'ajabi.

Ƙasar Ungogo kanta ta isa misali. A 1965 Sashen Labarin Ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya buga rahoton binciken da Michael Mortimore da J. Wilson suka gudanar a gundumar Ungogo kan ƙasa da jama'a a yankin da ke kewaye da birnin Kano. Abin da ya sa wannan yanki ya ja hankalin masu bincike shi ne yadda jama'a suka yi yawa, gona na jikin gona, ana noma gero da dawa da gyaɗa da wake kowace damina ba tare da an bar ƙasa ta zama saura ba, amma ba ta mutu ba. Sirrin shi ne taki: na dabbobin gida, da kuma na birni wanda jakuna ke ɗaukowa a mangala bayan sun kai itace. Baƙon da ya fito daga inda sai an bar gona ta huta shekaru, idan ya tsaya a irin wannan gona ya ce Incredible!, ba musu yake yi ba, tun da ga shi tsaye a ciki. Fassararsa ita ce “Ikon Allah!” ko “Abin mamaki!” Haka kuma dattijon da ya daɗe rabonsa da Rijiyar Zaki ko Bachirawa, ya dawo ya tarar gidaje sun cinye gonakin da ya sani, abin da zai fito daga bakinsa shi ne, “Ikon Allah, nan fa da gonaki ne!” Da Bature ne da unbelievable zai ce.

Unbelievable tana da ma'ana ta uku wadda incredible ba ta cika ɗauka ba, wato takaici. Malamin da yaro ya zo masa a makare karo na biyar a mako, ya girgiza kai ya ce Unbelievable!, ya yarda sarai da abin da ya gani, haushi ne ya kama shi. A Hausa sai a ce, “Kai, abin nan ya wuce hankali,” ko “Wannan yaro da abin haushi yake.” Muryar mai magana da abin da ya gabata su ne ke raba waɗannan ma'anoni uku. A rubuce, inda babu murya, dole mai fassara ya karanta sakin layin gaba ɗaya kafin ya zaɓi kalma.

Bayanau incredibly kuwa kusan babu sauran zancen yarda a cikinsa, ƙarfafawa kawai yake yi, kamar ƙwarai ko matuƙa ko ainun. A nan Hausa ta fi Ingilishi kayan aiki, saboda amsa-kama. Incredibly white fari ne fat, incredibly black baƙi ne wuluk, ruwan da aka ce incredibly cold kuma mai sanyi ne ƙarara. Wanda ya rubuta “fari na rashin yarda” ya bar Hausa, bai kuma isa Ingilishi ba.

Wannan sauyi na ma'ana bai keɓanta ga incredible ba. Fabulous ta fito ne daga kalmar Latin mai nufin tatsuniya, amma yau yabo ce. Bahaushe ma kan ga abin mamaki ya ce “kamar almara” ko “kamar a mafarki”, yana kamanta abin da ya tabbata da abin da kowa ya san ƙage ne. Idan kuwa musun ake nufi da gaske, kalmomin suna nan birjik: ƙanzon kurege, shaci-faɗi, zuƙi-ta-malle, shifcin gizo, soki-burutsu. Ba ɗaya suke ba. Shaci-faɗi magana ce ba bisa sani ba, mai yin ta ba lalle ne ya yi nufin yaudara ba. Ƙanzon kurege labari ne da aka ƙaga. Soki-burutsu kuwa zance ne marar kan gado, wanda bai ma kai matsayin a tsaya ƙaryata shi ba.

5.0 Credulous da Incredulous

Credulous shi ne mai saurin yarda, wanda ke karɓar magana ba tare da neman hujja ba. Yara sun san shi tun daga tatsuniya, domin shi ne halin Kura a hannun Gizo: kwaɗayi kan rufe mata ido ta yarda da duk abin da aka shirya mata. A wannan zamani shi ne wanda saƙo ke shigo wa waya cewa ya ci kyautar kuɗi a gasar da bai shiga ba, ya kuma tura wa 'yan damfara lambobin asusunsa. Ya kamata a yi hattara da fassara kalmar da “wawa” ko “gaula” ko “sakarai”, domin waɗannan zagi ne da ke kore hankali gaba ɗaya, alhali mai ilimi ma kan kasance mai saurin yarda.

Incredulous ba hali ne na dindindin ba, yanayi ne da mutum ke shiga lokacin da ya ji abin da ya kasa haɗiyewa. Hausa ta fi bayyana shi da abin da jiki ke yi: ya riƙe baki, ya saki baki, ya yi sororo. Jimlar She gave him an incredulous look za ta iya zama, “Ta dube shi baki sake, kamar ba ta yarda da abin da ta ji ba.” Masu Ingilishi da kansu kan ruɗa incredulous da incredible, har su siffanta labari da ita. Mai fassara da ya gamu da irin wannan sai ya bi abin da marubucin ke nufi.

6.0 Yarda, Gaskata, Amince da Imani

Aikatau believe guda ɗaya ne, amma kalmomi huɗu ke karɓar sa a Hausa, kuma kowace tana da tarkonta.

Yarda tana da ma'ana biyu: ɗaukar magana a matsayin gaskiya, da kuma ba da izini. Magidancin da masu rigakafi suka yi wa sallama a ƙofar gida ya ce “Ban yarda ba” yana iya nufin bai gaskata abin da aka faɗa game da maganin ba, yana kuma iya nufin bai ba da izinin a shiga gidansa ba. Sau da yawa duka biyun yake nufi. Idan za a mai da maganarsa Ingilishi, tilas a zaɓi ɗaya, kuma rahoton da ya zaɓi ma'anar da ba ita ba zai sa a nemi maganin matsalar a inda ba ta. Akwai kuma matsalar rubutu da malami zai riƙa gani a littattafan yara: “ya yarda da shi” daban, “ya yar da shi” daban. Na biyun jefarwa ne.

Gaskata ta fi tsayawa a kan magana, kuma ita ce kishiyar ƙaryata. Amince ta fi karkata ga mutum, ko ga sa hannun hukuma, kamar a ce majalisa ta amince da kasafin kuɗi. Ana iya gaskata maganar mutum a yau ba tare da an amince da shi ba.

Imani ce ta fi kowace haɗari. Asalinta na addini ne, kuma nauyin yana nan tare da ita. An fara jin masu magana a rediyo suna cewa, “Na yi imanin za a samu damina mai kyau,” suna bin sawun I believe. Mai wannan magana zato yake yi, kuma Hausa tana da “ina ganin” da “ina jin” da “ina kyautata zaton”, waɗanda suka fi dacewa. Abin ya fi muni wajen korewa. Rashin imani a Hausa rashin tausayi ne. Wanda aka ce ba shi da imani, ana nufin mugu ne, irin wanda zai daki maraya. Saboda haka fassara disbelief da “rashin imani” ta kauce hanya, kuma a aji mai yara mabiya addinai daban-daban tana iya jawo abin da ba a nufa ba. “Rashin yarda” ko “mamaki” sun wadatar.

7.0 Ƙananan Kalmomi da Ladabin Musu

Yawancin aikin nuna yarda da shakka a Hausa ƙananan kalmomi ne ke yin sa. A duba waɗannan jimloli:

6. An kawo taki.
7. Wai an kawo taki.
8. Anya an kawo taki?
9. Ashe an kawo taki!
10. Lalle an kawo taki.

Labarin ɗaya ne, amma matsayin mai magana ya sauya sau biyar. A ta 6 ya ɗauki nauyin maganar. A ta 7 ya sauke nauyin, ji ya yi. A ta 8 yana shakka. A ta 9 da bai sani ba ko bai yarda ba, yanzu ya gano. A ta 10 ya tabbatar, wataƙila ya ga motar da idonsa, gani kuwa ya kori ji.

“Wai” ta fi sauran wuyar sha'ani, domin ban da nuna cewa ji aka yi, takan ɗauki raini. Idan aka ce “wai shi malami”, an rage masa daraja. Wannan ne ya sa masu aikin jarida ke kaffa-kaffa da ita. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta fito ne a jajibirin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jita-jita ta yi yawa, kuma sunanta kansa da'awa ce cewa abin da ke ciki abin yarda ne. A labaran jarida da rediyo an fi jin “rahotanni na cewa” da “ana zargin” a gurbin reportedly da allegedly. Mai fassara da ya rubuta “Shugaban ƙaramar hukuma ya ce wai zai gyara hanyar” ya saka ra'ayinsa a cikin labari, ko ya sani ko bai sani ba.

Sai kuma ladabi. Ɗan Ingila kan ce wa mahaifinsa I don't believe it, a ɗauke shi mamaki kawai. Ɗan Bahaushe ba zai dubi mahaifinsa ya ce “Ban yarda ba”, balle “Ƙarya ne”. Zai ce, “Baba, anya ba su ruɗe ka ba?” ya ɗora kuskuren a kan wasu. Almajiri zai ce, “Allah ya gafarta Malam, ko dai ni ne ban fahimta ba?” Talaka a gaban dagaci zai ce, “Ranka ya daɗe, sai dai a ƙara bincikawa.” Tsakanin tsara kuwa “Ƙarya kake!” na iya zama wasa, ko ma cika baki mai nufin ba ka isa ba. Haka nan “Don Allah?” da “Da gaske?” da “Haba!” a bakin aboki ba neman rantsuwa ba ne, alama ce ta cewa labarin ya ratsa shi, a ci gaba. Wuri ɗaya da al'ada ta halatta ƙarya a fili shi ne tatsuniya, kuma can ma mai bayarwa kan rufe da furta cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya.

8.0 Koyar da Kalmomin a Aji

Ƙamus na da amfani, kuma ya kamata ɗalibi ya saba da na Ingilishi zuwa Hausa irin na Neil Skinner na 1965 da na Roxana Ma Newman na 1990, da kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 domin tantance kalmomin Hausar kansu. Amma ƙamus ba ya ganin jimlar da ke gaban mai fassara. Kafin a zaɓi kalma, malami ya koya wa yara su tambayi kansu wa ake siffantawa: labari ne, ko mai ba da shi, ko mai jin sa. Bayan nan su tambaya ko mai magana musu yake yi, ko yabo, ko haushi. Tambaya ta ƙarshe Hausa ce ke tilasta ta, wato wa ke magana da wa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ba yara kalma ɗaya cikin yanayi daban-daban, a bar su su nemo Hausarta daga abin da suke ji a gida. A ce manomi ya faɗi cewa ya ɗaure dami ɗari a gonar da kowa ya san ba ta wuce ashirin, kuma mutum uku suka ce Incredible. Na farko maƙwabcinsa ne da ya tsaya aka ƙirga damin a gabansa, don haka zai ce, “Ikon Allah! Bana kam sai godiya.” Na biyu abokin wasansa ne da ya ji labarin a bakin kasuwa, zai ce, “Kai, wannan ƙanzon kurege ne.” Na uku ɗan ƙanensa ne, wanda shi ma bai gamsu ba, amma abin da zai iya cewa shi ne, “Baffa, anya yaran nan sun ƙirga daidai kuwa?” Malami ya rubuta amsoshin uku a allo, ya sa yara su faɗi wadda ta dace da alƙali, da wadda ta dace da mai tallar ƙasa, sannan ya koma kan jimlar tsohon manomi ya nemi su sake fassara ta.